Rigakafin maleriya, kafson kemis da fumfunar rumbu: me ya haɗa su, me ya raba su?

A farkon watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma jihohi biyu aka zaɓa a matakin farko: Kebbi da Bayelsa. Zaɓen Kebbi bai ba kowa mamaki ba. Binciken ƙasa kan maleriya na 2021 ya gano cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a jihar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Babu jihar da ta kai Kebbi.

Sai dai bayanin da ya zo tare da allurar ya ɗaure wa iyaye da yawa kai. An ce sau huɗu za a yi wa yaro. An ce ko ya kammala, kada a cire gidan sauro, kada a ƙi maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kuma idan jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji. Uwar da ta saba da rigakafin ƙyanda, wanda idan an yi shi an gama, tana da hujjar tambaya: wannan kuma wane irin rigakafi ne? Bayan 'yan watanni, cikin Maris na 2025, cutar sanƙarau ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, nan kuma aka ce a garzaya asibiti domin allurar antibayotik ce ke ceton rai. Alhali ma'aikatan lafiyar nan su ne kullum suke cewa antibayotik ba ya maganin maleriya, ba ya maganin mura.

Duk maganganun nan gaskiya ne, kuma ba sa cin karo da juna. Abin da ke haddasa sanƙarau da abin da ke haddasa maleriya ba dangi ɗaya ba ne. Ta fuskar ginin jiki, ƙwayar maleriya ta fi kusa da ɗan Adam fiye da kusancinta da ƙwayar sanƙarau. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa wani magani ke ci wani ba ya ci, kuma hanyar ganewar ta biyo ta tarihin rayuwa a doron ƙasa.

Su wane ne waɗannan halittu?

Duk wani mai rai an gina shi da tantanin halitta, wato ƙaramin kunshi mai ɓawo wanda ke ci, yana girma, yana rabuwa biyu. Mutum yana da tantani kimanin tiriliyan 30. Wasu halittu kuwa tantani ɗaya ne jikinsu gaba ɗaya. Babu wanda ya gan su sai a shekarun 1670, lokacin da wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya goge gilashi da hannunsa ya leƙa ɗigon ruwan tafki.

Baktiriya su ne mafi sauƙin gini. Sai an jera kusan dubu kafin su cika tsawon milimita ɗaya ko biyu. Ba su da cibiyar da ke killace sinadarin gado na DNA, kuma akasarinsu suna da kauraren bango a waje. Sanƙarau irin na annoba, amai da gudawa, taifot, tarin fuka da mashaƙo duk aikin baktiriya ne. Amma masu cutarwa tsiraru ne ƙwarai. Tsamin nono da kindirmo aikin baktiriya ne, shi ya sa mai nono ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya ya kama sabo. Baktiriya ce ke mayar da kalwa daddawa. Ƙullutun da manomi ke gani a saiwar wake da gyaɗa cike suke da baktiriyar da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, abin da ya sa gonar da aka yi wake a cikinta ke yi wa hatsi daɗi a shekara ta gaba. Jikin mai lafiya ma yana ɗauke da baktiriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a hanji.

Akwai wani rukuni da ake kira arkiya. A ido kamar baktiriya suke, kuma haka aka ɗauke su har 1977, lokacin da Carl Woese a Amurka ya gwada sinadaran gadonsu ya ga reshe ne mai zaman kansa. Wasunsu na rayuwa a tafasasshen ruwa ko ruwan gishiri mai kauri. Har yau ba a tabbatar da wata cutar ɗan Adam da arkiya ke haddasawa ba.

Furotis kuwa wani babban taro ne na halittun da tantaninsu ke da cibiya, amma ba dabbobi ba ne, ba tsirrai ba, ba fumfuna ba. Ƙwayar maleriya, Plasmodium, tana cikinsu. Haka ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu, da ƙwayar wani nau'in atini, da yawancin gansakukar da ke rufe kududdufi. Sunan na sauƙaƙa karatu ne kawai, domin wasu furotis sun yi nisa da juna fiye da nisan mutum da laimar kwaɗi.

Sai dangin fumfuna: fumfunar da ke fito wa tuwon da ya kwana biyu, yis ɗin burodi da masa, laimar kwaɗi, makero, ƙyasbi, burtuntunar dawa. An daɗe ana lissafa su cikin tsirrai saboda ba sa motsi, amma binciken sinadarin gado ya nuna sun fi kusa da dabbobi. An ba kimanin nau'i 150,000 suna, kuma masana na ƙiyasta cewa ainihin adadinsu ya haura miliyan biyu.

Bairas shi ne na gefe. Ba shi da tantani, ba ya ci, ba ya hayayyafa sai ya shiga tantanin wani. Saboda haka masana ba su daidaita ba kan ko za a kira shi mai rai. Ƙyanda, shan inna, mura, zazzaɓin Lassa da ciwon hanta nau'in B duk nasa ne.

Wanda ke son ganin rukunan nan a wuri guda bai buƙatar zuwa nesa: tumbin saniya ya ishe shi. Saniya ba ta iya narkar da kara da harawa da kanta. Fumfuna ce ke huda ƙarfin karan, baktiriya da furotis su narkar da shi, arkiya kuma su kwashe iskar da ta saura su mayar da ita iskar mitan da saniyar ke fitarwa ta gyatsa. Nono da naman da ake saye a kasuwar kara sun ratsa ta hannun waɗannan halittu tukuna.

Abin da duwatsu suka nuna, da abin da ba su nuna ba

An daɗe a ko'ina a duniya ana ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama ne ke haifar da tsutsa, ruwa mai wari kuma ya haifi sauro. Francesco Redi a Italiya ya nuna a 1668 cewa naman da aka rufe ƙuda bai taɓa ba ba ya tsutsa. Louis Pasteur a Faransa ya rufe gardamar a wajajen 1860: romon da aka tafasa aka hana ƙura shiga ba ya lalacewa. A duniyarmu ta yau, mai rai daga mai rai yake fitowa. Wannan ya bar tambaya mafi wuya: to na farkon fa?

Ga abin da ma'aunin kimiyya ya bayar. Shekarun duniya kimanin biliyan 4.5 ne. A yammacin Ostireliya akwai duwatsu masu shekara kusan biliyan 3.5 da ke ɗauke da shimfiɗun da tarin ƙananan halittu suka gina. Iskar oksijin ba ta taru a sarari ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce, kuma wasu baktiriya masu amfani da hasken rana ne suka samar da ita. Burbushin tantani mai cibiya ya bayyana sama da shekara biliyan 1.6 baya. Dabbobi ba su iso ba sai wajen shekara miliyan 600. Wato kusan rabin tarihin rayuwa, babu kowa a duniya sai baktiriya da arkiya.

Akwai hujja ta biyu da ba ta dogara da duwatsu ba. Baktiriyar daddawa, ƙwayar maleriya, yis, shinkafa da mutum duk suna rubuta gadonsu da DNA, suna karanta shi da tsari kusan iri ɗaya, suna gina furotin, wato sinadarin da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa, da ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid. Daga nan masana ilimin halittu suka fahimci cewa tushen masu rai ɗaya ne. Wannan kamanceceniya ce ma ta sa ake iya sa wa yis umarnin gado, wato wani yanki na DNA, ya ƙera sinadarin rigakafi, kuma da haka ake haɗa allurar maleriyar da ake yi a Kebbi.

Yadda tantanin farko ya samu, nan ne masana suka rabu. A 1953 Stanley Miller a Jami'ar Chicago ya haɗa ruwa da wasu iskoki a kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki, cikin mako guda ya sami amino asid. Masu suka sun ce iskokin da ya zaɓa ba lallai su ne na farkon duniya ba, kuma amino asid tubali ne kawai. Wasu masana sun karkata ga cewa sinadarin RNA, ɗan'uwan DNA, ne ya riga DNA da furotin, domin an gano a shekarun 1980 cewa yana iya ajiye bayani kuma ya yi aikin haɗa sinadarai. Raunin wannan ra'ayi shi ne RNA ba ya jure wahala, kuma haɗuwarsa da kansa abu ne mai wuya, ko da yake a 2009 ƙungiyar John Sutherland a Manchester ta nuna hanyar samun biyu daga cikin tubalansa huɗu. Wasu kuma suna duban maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku, irin waɗanda aka fara gani a 1977 kusa da tsibiran Galapagos, inda halittu ke rayuwa ba tare da hasken rana ba. Abokan gardamarsu sun ce ruwa mai yawa tsinka dogayen sinadarai yake yi, don haka kududdufin da ke cika yana ƙafewa ya fi dacewa. Akwai kuma batun duwatsun sama: ƙurar da aka ɗebo daga dutsen Bennu, wadda ta iso duniya a Satumba na 2023, an sami 14 daga cikin amino asid 20 ɗin nan a cikinta. Hakan ya nuna kayan haɗin suna samuwa a wajen duniya, amma ba a sami mai rai a ciki ba.

Ya kamata a faɗi iyakar abin a fili, domin kanun labarai kan wuce gona da iri. Babu wanda ya taɓa haɗa mai rai daga matattun sinadarai a ɗakin gwaji. Ko aikin Craig Venter na 2010, da aka yi ta yayatawa, DNA ɗin da aka haɗa ne aka dasa cikin tantanin da yake da rai tun asali. Tarihin abin da ya biyo bayan tantanin farko yana da hujjoji masu ƙarfi. Matakin farkon kansa har yanzu hasashe ne da gwaje-gwaje.

Matsayin masu addini

Ga Musulmi, Allah ne Mahaliccin komai, kuma babu saɓani a nan. Saɓanin yana wajen yadda za a ɗauki bayanin kimiyya. Wasu malamai suna ƙin ra'ayin sauyawar halittu daga tushe ɗaya gaba ɗayansa, suna ganin ƙofa ce ta kore Mahalicci, kuma suna nuni da yadda wasu marubutan Turai suka yi amfani da shi don yaƙar addini. Wasu suna rarrabewa: halittar Annabi Adamu nassi ya yi bayaninta, ba a taɓa ta, amma nassi bai fayyace yadda baktiriya ko fumfuna suka yaɗu ba, don haka bincike a kansu bincike ne kan sunnar Allah a cikin halittarsa. Masu wannan fahimta kan kawo aya ta 30 a Suratul Anbiya, wadda ta ce an sanya duk wani abu mai rai daga ruwa, da aya ta 8 a Suratun Nahli, wadda ta ce Yana halittar abin da ba ku sani ba. Akwai kuma masu gargaɗin kada a ɗaura ma'anar aya a kan ra'ayin kimiyyar da gobe zai iya sauyawa. Kiristoci a ƙasar Zuru da sauran wurare su ma suna da irin wannan rabuwar fahimta game da labarin halitta.

Kimiyya tana auna yadda abu ya gudana da lokacin da ya gudana. Ba ta da ma'aunin da zai tabbatar ko ya kore Wanda ya gudanar da shi, kuma masanin da ya yi iƙirarin haka ya fita daga fagensa. Abu ɗaya kuma ba ya jiran a gama wannan muhawara: ƙwayoyin cuta suna sauyawa a gaban idonmu. Duk wanda ya girma da kulorokwin ya shaida lokacin da ya daina aiki.

Baƙon da ya zama ɗan gida

A cikin tantanin mutum akwai wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, su ne ke ƙona abinci da oksijin su samar da ƙarfi. Abin mamaki, suna da nasu DNA daban, suna rabuwa biyu da kansu, kuma gininsu irin na baktiriya ne. A 1967 Lynn Margulis ta kafa hujja cewa asalinsu baktiriya ne masu zaman kansu da suka shiga cikin wani tantani suka zauna. An yi mata dariya da farko, daga baya gwajin DNA ya gaskata ta. Kamar ɗan ci-rani ne da ya sauka a gidan wani, ya yi aure, ya hayayyafa, har gidan ya kasa tafiya sai da shi. Koren sashen ganye da ke kama hasken rana shi ma haka ya samu.

Mai masaukin kuwa, alamu sun nuna daga arkiya yake. A 2015 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano wasu arkiya a lakar ƙarƙashin teku masu ɗauke da umarnin gado irin na tantani mai cibiya. Wannan ya sa wasu ke cewa manyan rassan rayuwa biyu ne, wasu suna nan kan uku kamar yadda Woese ya tsara a 1990. Ɗalibin sakandare da aka koya wa masarautu biyar na halittu, tsarin Robert Whittaker na 1969, kada ya ruɗe idan ya shiga jami'a a Kalgo ko Aliero ya ji wani lissafi daban. Tsohon tsarin ya dogara ga kama da yanayin cin abinci, sabon ya dogara ga dangantakar gado. A jarrabawa, abin da manhaja ta tanada shi za a rubuta.

Me ya sa rigakafin maleriya ya bambanta?

Bairas ɗin ƙyanda umarnin gado shida kacal gare shi, kuma fuskar da yake nuna wa garkuwar jiki ba ta cika sauyawa ba. Allura biyu kan kare kusan kashi 97 cikin 100. Plasmodium falciparum, mai kashe yara a ƙasar nan, tana da umarnin gado sama da 5,000, kuma siffarta ba ɗaya ba ce. Macen sauro ta zuba ta a fata, cikin ɗan lokaci ta isa hanta, ta yi kusan mako tana ninkuwa, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai, sannan su fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini suna fasa su duk bayan kwana biyu. A cikin jinin tana da umarnin gado kusan 60 da take musanyawa don sauya fuskar da garkuwar jiki ke gani. Kafin jiki ya gane ɗaya, ta koma wata. Ƙwayar sammore ma haka take yi, shi ya sa har yau makiyayi ba shi da allurar rigakafinta.

Alphonse Laveran ya ga ƙwayar maleriya a jinin wani soja a Aljeriya tun 1880, Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya a 1897, amma sai Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin farko. Na biyun, R21, wanda Jami'ar Oxford ta ƙirƙira kuma kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafawa, an amince da shi a Oktoba na 2023, kuma shi ake yi a Kebbi. Yana tare ƙwayar ne a ɗan gajeren zangon da ke tsakanin fata da hanta. Zangon gajere ne, don haka sai garkuwar ta yi yawa a jini, kuma tana raguwa da tafiyar lokaci. Dalilin allura uku a jere tun yaro yana wata biyar ke nan, da ta huɗu bayan ya shekara. A gwajin da aka yi a wuraren da maleriya ke zuwa da damina, ya rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko.

Masu ɗokin allurar suna cewa a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ko ragin rabi rayuka ne masu yawa. Masu taka-tsantsan suna tsoron abu biyu: iyaye su saki gidan sauro, ko kuma su ga yaron da aka yi wa allura ya yi zazzaɓi su yanke cewa aikin banza ne, su ƙi komawa. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma allura ta huɗu ita ce wurin da za a fi samun yoyo, musamman a ƙauyukan fadama da hanya ke yankewa da damina. Yaron da aka yi wa biyu aka tsaya bai sami kariyar da aka auna a gwaji ba.

Sanƙarau ya nuna wani darasin daban. Baktiriyar tana da rukunai, kuma rigakafin wani rukuni ba ya kare wani. Bayan an murƙushe rukunin A da allura, sai rukunin C ya tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016, ya kama sama da mutum 14,000 a ƙasar, ya kashe sama da 1,100. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ta haɗa rukunai biyar.

Fumfuna a kai, a gona, a rumbu

Da yake fumfuna ta fi kusa da mu, samun maganin da zai kashe ta bai taɓa mutum ba yana da wuya. Ajin magungunanta kaɗan ne, kuma suna ɗaukar lokaci. Makeron kai yana shiga cikin gashi, don haka shafe-shafe kaɗai ba ya isa, sai an sha magani na makonni. Man shafawa masu haɗe da sinadarin sitiroyid, irin waɗanda ake saye don ƙaiƙayi ko hasken fata, suna kwantar da ja da ƙaiƙayin, fumfunar kuwa ta ƙara bazuwa a ƙarƙashi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, karo na farko da ta yi haka.

Manomin shinkafa a Argungu ko Suru ko Yawuri yana fuskantar irin ruɗanin da uwa ke fuskanta. Tabo mai faɗi a tsakiya da tsini a gefe biyu, da ruɓewar wuyan zangarniya, aikin fumfuna ne, kuma yawan takin yuriya na ƙara shi. Bushewar ganye daga baki tana iya zama baktiriya. Rawayar ganye da tsumburewa tana iya zama bairas, wanda babu feshin da ke warkar da shi. Akwai ma cutar gero mai mayar da zangarniya ganye-ganye, wadda ke kama da fumfuna amma dangin furotis ce, shi ya sa maganin wanke irinta daban yake. Feshi ɗaya ga duka huɗun asarar kuɗi ne, kuma malamin gona ya fi mai shagon magani sanin bambancin.

Mafi haɗari ita ce wadda ba a ji ɗaci ko warinta. Fumfunar Aspergillus flavus tana kama masara da gyaɗa tun a gona, musamman idan fari ya matsa, ta ci gaba a rumbu idan an adana da danshi. Tana fitar da gubar afulatoksin. An gano gubar ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Dafuwa ba ta kashe gubar. Tana bin gyaɗa zuwa ƙuli-ƙuli, tana bin dusa zuwa nonon saniya, kuma cin ta a hankali shekara da shekaru na jawo dajin hanta, balle ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Gidan talaka ya fi shiga haɗari, domin akan kai mai kyau kasuwa a ci tsintacciyar a gida. Shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, busarwa sosai kafin a zuba a buhu, da zubar da ƙwayar da ta canza launi suna rage ta ƙwarai. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kuma samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da 'yan'uwan fumfunar marasa guba, a watsa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure, su riga masu gubar kama wuri.

Kafso, da tsadar rashin gwaji

Fenisilin kansa daga fumfuna ya fito. Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a 1928, makami ne da fumfuna ke yaƙar baktiriya da shi. Shi da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, bangon baktiriya suke rushewa. Tantanin mutum ba shi da wannan bango, shi ya sa maganin ba ya cutar da mu. Ƙwayar maleriya ma ba ta da shi, bairas ɗin mura ma haka, fumfuna kuma nata bangon daban ne. Wanda ya sha amoksisilin don maleriya bai taɓa ƙwayar ba ko kaɗan. Akwai togaciya guda: Plasmodium tana ɗauke da wani ɗan sashe da asalinsa baktiriya ne, don haka doksisaikilin yana taɓa ta, amma a hankali, kuma ba a ba ƙananan yara da masu ciki, ba a kuma dogara da shi shi kaɗai.

Kafson da aka sha ba bisa ƙa'ida ba bai tafi a banza kawai ba. Yana kashe baktiriyar hanji masu rauni ya bar masu taurin kai, kuma wasu baktiriya na ninkuwa duk minti 20, suna ma miƙa wa juna umarnin jure magani. Haka abin yake idan an zuba ja-da-yalo a ruwan kaji ko an yi wa saniya rabin allura. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa baktiriya masu jure magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi yawan mace-macen idan an auna da yawan jama'a. Ta ɓangaren maleriya, Najeriya ta bar kulorokwin ta koma magungunan haɗin atimisinin a 2005, kuma an riga an tabbatar da alamun jure atimisinin ɗin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

Masu son a tsaurara doka suna cewa a hana sayar da antibayotik sai da takardar likita. Masu duban halin ƙauye suna cewa inda asibiti ke da nisa, ga matsalar tsaro a hanya, mai kemis shi ne likitan da ake da shi, kuma yaron da ciwon huhu ko sanƙarau ya kama rashin maganin ne zai kashe shi kafin yawansa. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne gwaji. Na maleriya yana da sauƙi: ɗigon jini a yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20, kuma mai kemis da aka horar zai iya yi. Gano wace baktiriya ce da maganin da zai ci ta kuwa yana buƙatar ɗakin gwaji, wutar lantarki da kwana biyu zuwa uku, abin da akasari sai a manyan asibitoci. Shi ya sa idan gwajin maleriya ya nuna babu, ma'aikacin lafiya a ƙauye kan koma ga zato, kuma zaton yakan ƙare a kan kafso. Amai da gudawa ma, duk da baktiriya ce ke kawo shi, ruwan gishiri da sukari ne ke ceton mafi yawan masu shi, antibayotik na waɗanda abin ya yi wa tsanani ne. Zazzaɓi mai zuwa da sanƙarewar wuya, ko suma, ko jijjiga, shi ne wanda ba a tsayawa kemis a kansa, domin sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya.